Cinikin Gidan Mai Matsuwa a Tawa da Arewacin Adar: Dabarun Tsara Yarjejeniya da Iyakokinsu

 

Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wani nau'in ciniki da aka sani a birnin Tawa da garuruwan arewacin Adar, wato sayen gida daga hannun mutumin da bashi ko jinya ko karayar jari suka tilasta masa neman kuɗi cikin gaggawa, da nufin a gyara gidan a sake sayar da shi ko a zuba masa 'yan haya. Abin da ake nufi da mai matsuwa a nan shi ne mutumin da yake da dukiya, sai dai dukiyar tasa ƙasa ce da gini, alhali abin da ake binsa kuɗi ne a hannu, kuma wa'adin biya ya ƙure. Wannan mutum lokaci ne ya rasa, domin da zai samu wata shida ko shekara guda da ya sayar da gidansa a kan ƙimarsa, ko ma ya biya bashin ba tare da ya sayar ba. Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna kowace dabarar ciniki da shi guda ɗaya ne: ko dai ta ba mai gidan lokaci a kan farashi sananne, ko kuma ta mayar da ƙurewar lokacinsa ribar mai saye. Ta farko sana'a ce halastacciya wadda gari ke buƙata, ta biyu kuwa zalunci ne ko da an rubuta ta a takarda mai hatimi.

Tushen matsuwa a ƙasar Adar

Ba za a fahimci wannan kasuwa ba sai an duba yadda ake gina gida a Adar tun farko. Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka wadda ruwan saman da take samu a kewayen Tawa bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 a shekara ba, shi ya sa Adarawa suka shahara da tafiya bida, wato barin gida bayan girbi zuwa Abijan da Najeriya da Kamaru da Libiya da Aljeriya domin neman abin da gona ta kasa bayarwa. Kuɗin bida ne ya sayi filaye da yawa a Tawa da Kaita da Bagaruwa da Kalfu, kuma ɗan bida yakan yi gininsa kaɗan-kaɗan cikin shekaru, ɗaki bana, katanga baɗi, har gidan ya zama shi ne asusunsa da kuma shaidar cewa tafiyarsa ta yi albarka.

Illar wannan tsari ita ce duk abin da ya girgiza ƙasashen da ake zuwa bida sai ya girgiza gidajen Adar. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun cinye dabbobi da rumbuna, karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta tsadar da kayan waje, rikicin Kodebuwa na 2002 da na 2010 zuwa 2011 da yaƙin Libiya na 2011 sun koro dubban 'yan bida gida hannu rabbana, rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sun tsayar da fatauci ta hanyar Ƙonni. A kowane karo akan samu magidanta da suka ci bashi bisa tsammanin kuɗin da bai zo ba.

A ɗaya ɓangaren kuma buƙatar muhalli a birnin tana ƙaruwa. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Tawa sun kusa 150,000, jami'ar da aka kafa a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihin Adar Djibo Hamani, ta kawo ɗalibai da malamai masu neman haya, ayyukan bikin Tawa Sakola na 18 ga Disamban 2017 sun shimfiɗa tituna a cikin gari, sannan rashin tsaro a arewa, musamman bayan kisan gillar yankin Tilliya a watan Maris na 2021, ya turo iyalai zuwa birni. Inda mai sayarwa yake cikin gaggawa kuma masu neman gida suke ƙaruwa, tazarar da ke tsakanin farashin gaggawa da farashin kasuwa takan yi faɗi, kuma a cikin wannan tazara ne masu saye su sayar suke neman ribarsu.

Matsayin takarda

Dabarar da za a iya ƙullawa a kan gida ta dogara ne da irin takardar da yake da ita. Mafi ƙarfi shi ne titir fonsiye, wato rajistar mallaka ta ƙasa, wanda gwamnatin Nijar ta sauƙaƙa hanyar samunsa a 2006 da abin da ake kira titir Sheda. Ƙasa da shi akwai takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa ga filin da aka yanka, sai kuma gidajen gado na tsofaffin unguwanni irin su Bilbis da Kurfayawa da na ƙauyuka, waɗanda galibi shaidarsu ita ce mai unguwa da maƙwabta. A karkara, dokar ƙasar noma mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, daga matakin ƙauye ƙarƙashin mai gari har zuwa matakin gunduma, kuma suna ba da takardun shaidar sayarwa da kyauta da aro da haya da jingina.

Muhimmancin wannan bambanci shi ne dokar OHADA, wadda ta haɗa dokokin kasuwanci na Nijar da wasu ƙasashen Afirka tun yarjejeniyar 1993, ta tanadi cewa gidan da aka yi wa rajista shi ne ake iya jinginarwa jingina ta hukuma. Wanda gidansa ba shi da titir ƙofar banki a rufe take gare shi a mafi yawan lokuta, sai ya koma ga attajirin unguwa, inda babu ma'aunin riba sai abin da aka yi ittifaƙi a kai a cikin zaure.

Bashi cikin rigar ciniki

Domin a ga yadda lissafi yake, a ƙaddara gida mai ƙimar sefa miliyan 10 wanda ake bin mai shi miliyan 3. Hanya mafi sauƙi ita ce mai saye ya taya miliyan 6 kuɗi hannu, mai gida ya sallama, ya biya bashinsa, ya rage da miliyan 3 da iyalin da ba su da wurin kwana, kuma haya za ta cinye ragowar cikin 'yan shekaru. Irin wannan ne Hausawa ke cewa tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Hanya ta biyu ta fi kama da taimako a ido, amma ta fi haɗari. Attajiri yakan ba da miliyan 3 ɗin, a rubuta cewa ya sayi gidan a kan wannan kuɗi, da sharaɗin in mai gida ya kawo miliyan 4 cikin shekara za a mayar masa, kuma kafin nan ya ci gaba da zama a ciki yana biyan hayar jika 25, wato sefa dubu 25, a wata. Idan aka haɗa ƙarin miliyan 1 da hayar jika 300 ta shekara, za a ga mai gida ya biya miliyan 1.3 a kan miliyan 3, wato fiye da kashi 43 cikin 100, alhali iyakar ruwan da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa ta Afirka ta Yamma ta tsayar a 2014 ita ce kashi 15 ga bankuna da kashi 24 ga ƙananan asusun bashi. Idan kuwa ya gaza ko da da mako guda ne, gidan miliyan 10 ya tafi a kan miliyan 3.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a Adar, sun san wannan tsari da sunan bai'us sunya, wato cinikin da aka gindaya masa sharaɗin mayarwa idan mai sayarwa ya dawo da kuɗi, kuma sun hana shi matuƙar sharaɗin yana cikin ƙullin cinikin, domin kuɗin yana yawo ne tsakanin zama farashi da zama rance, rancen da ya jawo amfani kuwa riba ce. Abin da suka yarda da shi shi ne mai saye, bayan an gama ciniki na gaskiya a kan farashi na gaskiya, ya yi alkawarin mayarwa don raɗin kansa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke irin wannan hukunci a kan cinikin da Hanafawa ke kira bai'ul wafa. Haka nan Imamu Malik ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa sharaɗin da ke cewa abin jingina ya zama na mai bin bashi idan wa'adi ya wuce ɓatacce ne. Abin da ya dace shi ne a sayar, a biya bashi, a miƙa wa mai shi ragowar.

Dokar zamani ta zo kusa da wannan matsayi ta wata hanya. Dokar OHADA ta lamunin bashi, kamar yadda aka sabunta ta a Lome ranar 15 ga Disamban 2010, ta yarda a yi sharaɗin mai bin bashi ya mallaki ginin da aka jinginar, amma ta cire gidan zama daga wannan izini, ta kuma wajabta ƙwararre ya ƙiyasta ƙimar ginin, mai bin bashi ya biya abin da ya haura bashinsa. Dokar farar hula ta Faransa ta 1804, wadda Nijar ta gaji mafi yawanta, ta san ciniki mai haƙƙin fansa, ta iyakance shi ga shekara biyar, ta kuma ba mai sayar da gida damar neman warware ciniki cikin shekara biyu idan an kware shi da fiye da kashi bakwai cikin goma sha biyu na ƙimar, wanda a misalin da ya gabata yake nufin duk farashin da ya gaza kimanin miliyan 4.2. A fiƙihu ana kiran irin wannan kwara gabnu, kuma ko da yake mashahurin zance a Muhtasar na Halil shi ne ba a warware ciniki saboda ita kaɗai, Ibnu Asim a cikin Tuhufa ya kawo cewa ana sauraron ƙarar idan kwarar ta kai sulusi, mai ƙarar bai san farashi ba, kuma shekara ba ta wuce ba. Akwai kuma bambanci tsakanin wanda buƙata ta matsa, wanda cinikinsa ingantacce ne ko da yake cin gajiyar halinsa abin ƙi ne, da wanda aka tilasta bisa zalunci, wanda cinikinsa bai lizimce shi ba.

Ba Adar kaɗai ta ga wannan ba. Bayan rushewar kasuwar gidaje a Amurka a 2008, an samu masu zuwa wa magidantan da banki ke shirin ƙwace wa gida da sunan ceto, su karɓi takardar mallaka, su bar mai gida a matsayin ɗan haya da alkawarin fansa a kan farashin da ba zai iya biya ba, har hukumar kare masu saye ta ƙasar ta hana karɓar ladan irin wannan ceto kafin a ga sakamako, a 2010.

Dabarun da ke ba mai gida lokaci

Hana waccan hanya ba ya nufin a bar mai matsuwa ba mafita, domin akwai tsare-tsare da ke ba mai jari riba mai kyau ba tare da an tsiyata kowa ba, kuma dukkansu suna farawa ne da tambayar nawa mai gidan yake buƙata yau, wadda sau da yawa amsarta ba ta kai sulusin ƙimar gidan ba.

Ta farko ita ce sayar da sashe. Gidajen Adar da yawa suna da fili mai faɗi, kuma ana iya yanke ɓangaren da ke fuskantar titi a sayar domin gina shaguna, a rubuta iyakarsa da ƙofarsa da magudanar ruwansa, iyali su ci gaba da zama a ciki. Ta biyu ita ce hayar dogon wa'adi da aka biya gaba ɗaya, inda mai jari ke karɓar wasu ɗakuna ko shago na shekara uku ko biyar, ya biya kuɗin yanzu a kan rangwame, ya sa nasa 'yan haya, gidan kuma ya koma ga mai shi idan wa'adi ya cika. Ta uku ita ce tarayya mai raguwa, wadda bankunan Musulunci ke aiki da ita: mai jari ya sayi kashi uku cikin goma na gidan a kan miliyan 3, ya karɓi hayar kasonsa kawai, mai gida kuma ya riƙa sayen kason kaɗan-kaɗan a kan ƙimar ranar saye. Abin da ya raba wannan da bai'us sunya shi ne mai jari ya zama mamallaki na gaskiya, idan gini ya rushe ko farashi ya faɗi asarar ta shafe shi gwargwadon kasonsa, kuma idan mai gida ya kasa saye bai rasa nasa kashi bakwai ba.

Idan kuwa sayarwa ta zama dole, akwai ta huɗu, wato ciniki a kan farashi na kusa da ƙima tare da biya kashi-kashi: a tsayar da miliyan 9, a ba da miliyan 3 nan take kai tsaye ga mai bin bashi a gaban shaidu, ragowar kuma a raba ta kan ranaku sanannu, takardun gida su zauna a hannun notar, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya, ko wani amintacce, har a kammala biya. Mai saye ya samu gida da ɗan jari, mai sayarwa ya samu farashinsa. Ana iya haɗa wannan da togace zama, domin Malikiyya sun halatta mutum ya sayar da gida ya togace zamansa a ciki na wa'adi sananne kamar shekara guda, wadda ta isa iyali su nemi wani muhalli ko ɗan bida ya dawo. Abin kiyayewa shi ne kada a haɗa rance da ciniki a ƙulli ɗaya, kamar a ce za a ranta wa mutum kuɗi da sharaɗin ya sayar wa mai rancen gidansa, domin wannan haramtacce ne a nassin hadisi. Haka nan kafin alƙalami, wato kuɗin da ake fara bayarwa domin a kama ciniki, Malikiyya ba su yarda mai sayarwa ya riƙe shi idan ciniki ya warware ba, ko da yake Hambaliyya sun yarda, don haka wajibi ne a rubuta makomarsa tun farko.

Gidan gado da haƙƙin wanda ba ya nan

Mafi yawan rigingimun wannan kasuwa daga gidajen gado suke tasowa, inda ɗaya daga cikin magada ya shiga matsuwa ya sayar da kasonsa, ko ma gidan duka, alhali 'yan'uwansa suna Abijan ko Sabha ta Libiya. Shari'a ta ba abokin tarayya a cikin dukiyar da ba a raba ba haƙƙin shufu'a, wato ya karɓi kason da aka sayar wa baƙo ta hanyar biyan farashin da baƙon ya biya. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta bayyana cewa wannan haƙƙi yana faɗuwa ga wanda yake nan bayan shekara, amma wanda ya yi tafiya yana kan haƙƙinsa ko da tafiyar ta yi tsawo. A ƙasar da kusan kowane gida yake da ɗan bida, ma'anar wannan ita ce wanda ya sayi kaso a ɓoye a kan farashi mai arha yana iya wayar gari bayan shekaru an mayar masa da ɗan kuɗinsa an karɓe kason. Kotunan Nijar kuwa suna aiki da al'adar masu shari'a a sha'anin gado da na filayen da ba su da rajista, sarakunan gargajiya kuma suna da ikon sulhu a kansu.

Kason mata da na marayu ya fi buƙatar tsaro. Tumunin takaba, wato kashi ɗaya cikin takwas na matar mamacin da ya bar 'ya'ya, da rabon 'ya'ya mata, sukan narke cikin cinikin da maza suka ƙulla, kuma shirun mace a gaban yayyenta ba yarda ba ce. Wasiyyin maraya ba shi da ikon sayar da gidan maraya sai da dalili tabbatacce, kamar buƙatar ciyarwa ko tsoron rushewa, kuma mai sayen da ya san darajar kuɗinsa ba ya biya sai ya ga takardar rabon gado da yardar kowane magaji, har da na nesa ta hanyar wakilci rubutacce.

Sake sayarwa da aikin dillali

Ribar mai saye ya sayar halal ce idan ta fito daga abin da ya ƙara: gyaran rufi da katanga, jawo ruwa da wuta, biyan bashin haraji, fitar da titir ga gidan da ba shi da shi, da haƙurin jiran mai saye tare da ɗaukar kasadar faɗuwar farashi. Gidan da aka sayo da shaidar baki aka sayar da shi da rajista ya ƙaru da ƙima ta gaskiya. Wajibi ne kuma a bayyana aibin gini da duk wata rigima da ke kansa. Shi kuwa dillali, la'adarsa haƙƙinsa ce idan an san adadinta da wanda zai biya, amma wanda mai gida ya wakilta ya nemo mai saye, sannan ya saye wa kansa a ɓoye ta hannun wani domin ya riga ya san inda zai sayar da ninki, ya ci amanar wakilci.

Kammalawa

Alƙur'ani ya yi umarni a cikin suratul Baƙara da a jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci, ya kuma yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma a kan waɗannan umarni biyu ne gyaran wannan kasuwa ya rataya. Abin da ake buƙata a Tawa abu ne da ke hannun mutanen gari. Masu unguwanni da hukumomin Kofo su ƙi sa hannu a kan cinikin gidan zama sai mutum biyu masana farashi, waɗanda ba su da rabo a cinikin, sun faɗi ƙimarsa a gaban mai sayarwa. Kowace yarjejeniya a kira ta da sunanta, ciniki ko haya ko jingina ko tarayya, a karanta wa ɓangarorin biyu da Hausa ko Tamashek ko Fulatanci kafin dangwala yatsa. Limamai su koyar da babin ciniki da jingina da shufu'a kamar yadda suke koyar da babin tsarki, sashen shari'a na jami'ar garin ya tanadi samfurin takardu masu sauƙi, ƙungiyoyin Adarawa mazauna waje kuma su ware asusun rance marar ruwa domin ɗan'uwan da gidansa ke gab da salwanta. Attajirin da ya bi waɗannan hanyoyi ribarsa za ta ragu a ciniki guda, amma zai samu mallakar da babu magajin da zai tayar da ita, kuma zai bar iyali a ƙarƙashin rufinsu. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya yaye wa masu bashi ƙuncinsu.